Kofin Ruwa a Kan Kyamara

Babana mai ɗaukar bidiyon biki ne a Ƙofar Kaura, kuma bai taɓa mallakar ƙafar ɗora kyamara ba. Wata la'asar ya aza mani tsohuwar kyamararsa da ta mutu a kafaɗa, ya ɗora kofi cike da ruwa a kanta, ya ce in taka zuwa bakin rijiya.

"Manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ɗiyata, ki riƙe numfashi. Jikinki ne ƙafar."

Na kai, ko ɗigo bai zuba ba.

Yanzu hannunsa rawa yake, likita ya ce ba magani. Jiya na miƙa mashi ruwa, na ga ya manne gwiwar hannu, ya riƙe numfashi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.