Kiɗa a Gaba, Muryar Iya a Baya

Dalhatu mai ɗaukar kaset a Bunkure ya dawo daga Kano rungume da wata 'yar baƙar na'ura, bakinsa har kunne. Aikinta gyaran murya: in aka yi waƙa ta cikinta, sai ta fito da amo kamar daga gidan rediyo. Ba don kowa ya sayo ta ba sai don mahaifiyarsa Iya, zabiyar da duk yankin ke ji da ita. Iya za ta sauke farali, ta kuma ɗauki alkawarin daga bikin girbin alkama na bana ta ajiye waƙa har abada. Ga shi ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaukar muryarta ba.

Muhammadu Sani, wanda ya sayar masa da na'urar, sai da ya ja masa kunne.

"Ka ga abin nan, yana ɗan riƙe murya kafin ya sake ta. In murya ta bi ta ciki, kiɗa ya wuce kai tsaye, kiɗan zai riga ta hawa kaset. Ka bi da su duka biyun ta ciki, su iso tare. Kuma don Allah ka gwada ka saurara kafin ranar."

Dalhatu ya yi dariya. "Haba Alhaji, ɗan zabiya za a koya wa kiɗa? A cikinsa aka yaye ni."

Mutumin kirki ne Dalhatu, sai dai Allah ya zuba masa ni-na-iya. Bai gwada ba. Na'urar dai ta sha yawo a kan babur, har Kura ya kai ta aka gani.

Ranar biki kuwa ba a magana. Alkama ta yi albarka, ruwan kwalbatin ban-ruwa bai yanke ba duk rani, kowa fuskarsa a sake. Aka share fili a gefen gona da la'asar, mata masu kiɗan ƙwarya suka kifa ƙore, Iya ta fito cikin sabon zane ta ɗaga murya. Ta wasa manoman rani ɗaya bayan ɗaya, ta tsokani masu tumatirin da rana ta dafa musu kaya kafin mota ta zo, aka yi ta shewa. Tsofaffi har da ƙwalla don daɗi.

Dalhatu ya haɗa makirfon Iya da na'urar, na masu ƙwarya kuma ya zarce da shi kai tsaye zuwa kaset. Ya danna ɗauka, ya rataye abin saurarensa na kunne a ƙahon babur, ya faɗa fili ya yi ta rawa har hularsa ta faɗi.

Da aka tashi, Iya ta tafa hannu ta ce, "To jama'a, na sauke. Allah ya yafe mana."

Washegari aka cika tsakar gida don a ji kaset. Dalhatu ya saka shi a rediyo ya kunna yana baza babbar riga. Ƙwarya ta tashi tiryan-tiryan, sai ga muryar Iya tana biye a baya, tana ɗingishi kamar akuyar da aka bari a garke. Duk inda kiɗa ya sauka, sai ta iso a makare. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya toshe baki.

Iya ta nuna rediyon. "Dalhatu, wace ce wannan? Tun ina budurwa ban taɓa saɓa wa ƙwarya ba."

Ya ruga Kano da kaset ɗin. Muhammadu Sani ya saurara, ya girgiza kai. "Sun riga sun haɗu a zare ɗaya. Gishirin da ya narke a miya wa ke tsame shi?"

Ya dawo ya durƙusa gaban uwarsa. "Iya, don girman Allah, waƙa ɗaya tak ki sake min."

"Da Allah na yi alkawari, ɗan nan, ba da kai ba," in ji ta a hankali. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada jikokina su ji wannan su ce haka kakarsu take."

Da hannunsa ya zare zaren kaset ɗin ya cusa a murhu, yana hawaye.

Jama'a, tambaya da gwaji ba sa rage wa gwani daraja. Wanda ya raina shawarar masu sani, wata rana zai ɓata abin da ba a samun na biyunsa.