Goron da Iya ta aike ni saye

Jiya aka sanar da rasuwar malamin nan mai ba da tarihi a rediyo. Allah ya jiƙansa. Ina yarinya ya zo gidanmu a Lakwaya bayan azahar, rataye da akwatin ɗaukar magana.

Kakata Iya ce ta san yadda kakanninmu suka taso daga Dugabau. Kullum in labarin ya kawo su bakin rafi sai ta tsaya, ta ce sauran sai na girma. Ni kuwa na haddace kowace gaɓa.

Ran nan ta shiga ba shi labarin, ina manne da gwiwarta. Tana kaiwa bakin rafin ta taɓa ni.

"Tashi ki sayo wa baƙo goro."

"Iya, bari ki ƙarasa mana."

"Ke, shi zai kai shi inda ƙafarki ba za ta taka ba."

Da gudu na dawo, na tarar yana rufe akwatin.

Iya ba ta ga damina ba, Allah ya yi mata rasuwa. Ƙarshen labarin gidanmu a rediyon maƙwabta na ji shi, ina tsaye bayan danga. Duk iya labarina, har yau in na kai wurin, kalmominsa nake maimaitawa, ba nata ba.