Golan da Aka Saya wa Babur

Tunda kun dage da musu, wai ƙungiyarku ta zubar da kuɗi a kan ɗan wasan da ba ya shiga fili sai an kusa tashi, to ku saurara in ba ku misalin wani tela.

Telan nan shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinsu, ƙungiyar da ba ta da uban gida sai karo-karon 'yan kasuwa. Gola biyu gare su. Ɗaya matashi ne mai jini a jika, shi ke tsare raga kullum. Ɗayan ya fara manyanta, ga ciwon gwiwa, ba ya iya tsayuwar wasa daga farko har ƙarshe. Abu guda Allah ya hore masa, kama fenariti, a nan kuwa duk yankin babu na biyunsa. Sai a ajiye shi a benci, in an tashi kunnen doki a wasan sili ɗaya ƙwale, a saka shi ya tare bugun raba gardama. Da kakar wasa ta ƙare, mutanen garin da ke ƙetaren kogi suka zo zawarcinsa. Bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya tako har shago ya ce wa tela shi garin nan nasu yake so, amma in ana son ya zauna, a saya masa babur. Abin da ke asusu kuwa na ɗinka sababbin rigunan wasa ne. Tela ya yi ta saƙa da warwara, daga ƙarshe ya rufe ido ya sayi babur ɗin.

Ai kuwa gari ya ɗauka. A teburin mai shayi babu hirar da ake yi sai wannan. Wasu suka ce babur sukutum ga mutumin da aikinsa ɗumama benci, ai wannan wauta ce da rana tsaka. Wasu suka ce da rabin kuɗin za a samo matasa biyu masu cin ƙwallo. Masu baƙin baki, waɗanda ko kwabo ba su taɓa sakawa a asusun ba, suka ce ai tela kasonsa ya ci, kuma wannan ce ta fi yi masa zafi. Dattawan ƙungiya suka kira shi suka ce in bana babu kofi, ya sauka ya ba wani wuri. Ya hau kekensa na ɗinki ya yi wa tsofaffin rigunan faci, yaransa suka riƙa shiga fili ana yi musu dariya. Abin haushi, gasa ta yi nisa suna ta cin wasa ba tare da an kai ga fenariti ba, don haka duk nasarar da aka yi sai ta ƙara wa masu surutu ƙarfin baki. Shi kuwa gogan, in ba ranar wasansu ba ce, sai a hango shi a kan babur ya nufi ƙauyuka. Ran nan tela ya kasa haƙuri ya tare shi ya tambaye shi ina yake zuwa. Ya ce, "Kallon ƙwallo nake zuwa, shugaba." Tela ya koma shago ransa a ɓace, har ya fara zargin kansa ko masu shayi ne ke da gaskiya.

Aka zo wasan ƙarshe, kuma da wa? Da mutanen ƙetaren kogi. Aka fafata har alƙalin wasa ya busa tashi babu wanda ya fi wani. Dab da busawar koci ya fitar da matashin ya saka mai ciwon gwiwa, 'yan kallo suna ihu, "Mai babur! Mai babur!" Tela na gefe ya zuba ido. Bugun farko, gola ya faɗi dama tun ƙafar mai bugu ba ta gama sauka ba, ya ture ƙwallo waje. Ta biyu ta wuce shi. A ta uku ko motsi bai yi ba, ya tsaya ƙyam, ƙwallo ta zo ta faɗa ƙirjinsa, don ya sha ganin yaron da ya zo bugun a filayen ƙauye yana buga ta tsakiya in tsoro ya kama shi. A nan tela ya gane inda man babur yake tafiya. Ta ƙarshe da ɗan yatsa ya taɓa ta, yatsan ya karye, ƙwallo ta daki ƙarfe ta fita. Fili ya kaure. Waɗanda suka yi masa ihu ɗazu su ne suka ɗaga shi sama, suka zaga gari da shi da kofi, cikin rigunan nan masu faci. Tela, dattijo da gemunsa, ya zauna a ƙasa yana kukan murna, bai ji kunyar kowa ba.

Yatsan bai sake miƙewa daidai ba, gola ya ajiye wasa daga ranar. Kuma ɗan Adam ba a iya masa, har yau akwai mai cewa babur ya yi tsada a kan aikin yamma ɗaya. Tela dai sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Ya san da a wannan yammacin aka fita neman mai kama fenariti, ko mota aka ajiye ba za a samu ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.