Waƙafin da ya kusa hana ƙauye ruwa

Kai da kake saurin kama mai laifi, zauna ka ji wannan. Wata mai rubuta manhajar kwamfuta ce ta yi wa ƙungiyar manoman rani aiki. Manhajar ce ke aika wa kowane ƙauye saƙon waya, ta gaya musu ranar da za a sako musu ruwa daga madatsa. A cikinta akwai abin da masu sana'ar ke kira ƙamus: sunan ƙauye, gefensa ranar ruwansa, sai waƙafi, sai na gaba. Ana nan wani ƙaramin ƙauye ya shiga ƙungiyar, ta ƙara sunansa a layin ƙarshe. Kwamfuta ta ce atafau, ta nuna sabon layin da jan rubutu. Ta goge ta sake rubutawa, jiya i yau. In ta cire ƙauyen komai ya tafi sumul, in ta mayar da shi aiki ya tsaya cak. Ga shugaban ƙungiya yana ta kira, wai lallai saƙo ya fita kafin azahar. Ranta ya ɓaci, har ta fara cewa a ranta, su wa ma suka gayyato mutanen nan? Saura ƙiris ta aika ba su, alhali ta san in ba su ji ranarsu ba, albasarsu ce za ta ƙone a kwami.

Hannunta na kan madanni tausayi ya kama ta. Ta ce bari ta karanta tun daga sama, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ashe tsohon layin da ke bisa sabon ne ba shi da waƙafi. Da can shi ne na ƙarshe, ba ya bukatarsa, shi ya sa bai taɓa yin ƙorafi ba. Kwamfuta kuwa, baiwar Allah, inda ta kife take nunawa, ba ruwanta da abin da ya harɗe ta. Matar ta ɗiga waƙafin nan guda, saƙo ya fita har da na sabon ƙauyen. Ta jingina da kujera, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi. Bayin Allah, na kusa ɗaukar alhakinku a banza."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe.