Direban da Ya Ji Tsoron Bugun Zuciyarsa

Kai da kake cewa wannan guje-guje da ɗage-ɗagen kaya aikin marasa abin yi ne, gyara zama ka ji, don ni ba na son gardamar da babu misali a cikinta.

An yi wani direban tirela a garinmu, irin waɗanda in sun shigo tasha ake miƙewa a gaishe su. A kan sitiyari ya yi furfura, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ran nan yana saukowa wani gangare da lodin masara, tayar gaba ta fashe, mota ta kwanta a gefen hanya. Allah ya kiyaye, ya fito ko ƙwarzane babu. Amma fa tun daga ranar, da zarar ya hau kujera ya kama sitiyari sai gabansa ya hau dukan uku-uku, gumi ya keto, hannu ya ɗauki rawa, ya tabbatar ajali ne ya zo. Sai ya diro. Aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce zuciyarsa garau take. Iyalinsa kuwa, saboda so, suka yi masa abin da muka iya: sannu, kwanta ka huta. Ko buta ba a bari ya ɗauka. Mutumin da ya san hanyar Kudu kamar yunwar cikinsa ya koma zaman gindin darbejiya, in ya ji ƙarar babbar mota ya sunkuyar da kai. Mai motar ya yi haƙuri iyakar haƙuri, sannan ya aiko cewa in kaka ta yi bai dawo ba, zai miƙa wa wani mukulli.

To a bayan tasha akwai wani fili inda wani tsohon ɗan kwana-kwana yake tara mutane bayan sallar asuba. Ba shi da wasu injuna. Tsohuwar tayar tarakta ce, da jarkokin ruwa, da buhunan yashi. A juya taya, a sungumi jarka biyu a ruga, a faɗi a tashi, a saɓa buhu a tsuguna a miƙe, babu tsayawa sai ya busa usur. Shi ya taka har gindin bishiya ya ce direban nan ya zo. Direba ya ce haba, shi da girmansa da furfurarsa ya kama gudu a gaban jama'a kamar wanda ya yi sata? Ka dai san mu, babba ba ya gudu, babba ba ya ɗaukar kaya. Sai dai da ya tuna mukulli, ya haɗiye girman ya je.

Ranar farko ya kinkimi jarka, bai yi nisa ba sai ga abin nan: ƙirji na lugude, numfashi na neman ɗaukewa. Ya saki jarka ya zube ƙasa yana salati. Ɗan kwana-kwana ya tsuguna a kansa ya ce, "Malam, ba mutuwa ba ce, aiki zuciyar take yi. Ja iska ta hanci, ka sake ta a hankali." Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki. Can sai ya ji bugun ya lafa. Wallahi mamaki ne ya hana shi tashi. Ashe tana iya hawa ta sauko mutum yana nan da ransa!

Abokansa na tasha suka samu na yi, wai direban tirela ya koma ɗan dako, dakon ma na ruwan da ba a sha. Ya toshe kunne. Kowace safiya shi da kansa yake tayar da bugun nan, shi da kansa yake kwantar da shi. Barci ya dawo masa, cin abinci ya dawo, faɗan da yake yi wa mutanen gida ba gaira ba dalili ya tafi. Ranar da ya juya tayar tarakta shi kaɗai daga wannan katanga zuwa waccan, abokan motsa jiki suka yi ta tafi, ya koma gida yana taku irin nasa na da.

Kaka ta yi, ya karɓi mukulli. Hanya kuwa ba za ta kauce don shi ba, dole ya bi ta gangaren nan. Yana tsakiyar saukowa da lodi sai ga garken shanu sun cika titi, makiyayi a tsakiyarsu da sanda. Gabansa ya yanke ya faɗi, irin bugun nan dai na da. In da can ne, da ya danne birki gaba ɗaya, bodi ya naɗe, a zo kwasar gawa. Amma yanzu ya san baƙon nasa, kullum da safe suna gaisawa. Ya ja iska ta hanci. Ya sauke giya, ya taɓa birki ya saki, ya taɓa ya saki, hannu ƙam a kan sitiyari, har tirela ta tsaya cak, hancinta dab da wutsiyar saniyar ƙarshe. Makiyayi ya riƙe baki. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Kora su a hankali, ɗan'uwa, ba sauri muke ba." Da ya dubi hannayensa ya ga ko motsi ba sa yi, ya yi hamdala, ya yi dariya shi kaɗai a cikin mota.

Ni da nake ba ka labarin nan, duk ranar da na gan shi ya shigo tasha ana miƙewa, alfahari nake yi da shi kamar ɗan'uwana na jini. To faɗa mini, a gangaren ya koyi natsuwar nan? Ina! A bayan tasha ya tara ta, jarka bayan jarka, lokacin da ake yi masa dariya. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.