Inda Babu Mazauna

Jiniyar gargaɗin hari na tashi, ta jingine tsintsiya ta bi ma'aikatan ofishin zuwa maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. Ita kaɗai ce Balarabiya a cikinsu. Ta raɓe a lungu tana ta kiran mahaifiyarta, ba a ɗauka.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji wata dattijuwa Bayahudiya da ke ba ta alewa kullum. "Tana maɓoya kamar mu. Wa ke jin waya cikin wannan hayaniya?"

Ta gyaɗa kai kawai. Ta ina za ta fara gaya mata cewa ƙauyensu na gidajen kwano ne a hamadar Naƙab, kuma hukuma ba ta taɓa sa shi a taswira ba, balle ta haƙa masa maɓoya?

Ƙasa ta girgiza daga nesa. Wani ya ƙara sautin rediyo: wata roka ta faɗi a fili, gabas da mahaɗar hanya, inda babu mazauna.

Ɗakin ya kaure da tafi. Dattijuwar ta rungume ta tana hawaye.

"Kin ji? Kowa ya tsira!"

Ita kuwa ta san filin. A can ƙauyensu yake, a can ta baro 'ya'yanta biyu ɗazu wajen mahaifiyarta suna shan shayi.