Mayunwatan Kwalbar Ache

"Ƙwaron da bai kai ƙwayar riɗi ba, a ina yake zuba wannan cin?" in ji Yannick.

"A cikinsa mana. Kai naka a aljihu kake zubawa?"

Tun daga bakin kasuwa suke wannan musu. Binciken na Ache ne, Yannick abokin karatunta ne kawai da ba ya iya yin shiru. A kan kofefod take aiki, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa masu farautar tsutsar sauro a tabkuna marasa zurfi. Ta ɗebo su a wani tabki bayan gari, kuma da yake ɗakin gwajin makarantarsu na rufe ana gyara, sai ta jera kwalabenta a barandar goggonta Kaltouma, a Djamboutou.

Kullum da yamma takan zuba musu tsutsa. Kafin ta tashi da safe, babu ko ɗaya. Ruwan ma ya yi garau. Littattafai sun ce jariran tsutsa kaɗai suke iya kamawa. Nata kuwa har ƙosassu ba sa bari. Su kansu mafarautan ta kwana biyu ba ta hango su ba, amma ta ce wanda ya ƙoshi ai kwanciya yake yi.

Ta riga ta aika wa malaminta sakamakon. In ya yarda, ta kare kundin digirinta bana. In bai yarda ba, sai baɗi.

Goggo ba ta shiga harkar boko. Tsohuwa ce mai ɗingishi tun da kurkunu ya fito mata a ƙafa tana budurwa, ga tsantseni, har maƙwabta ba sa aron kofinta. Sau ɗaya ta leƙa kwalaben, ta taɓe baki, ta wuce.

Ache na cikin kwaikwayon malamin, ta toshe hanci tana "Madmazel, sai na gani da idona," sai ga malamin da kansa, Dokta Antoine, a bakin zaure da gilashinsa na duba ƙwari. Ta mayar da abin tari.

Ya duba kwalba ta farko. Ya duba ta biyu, ya karkata ta wajen haske, ya goge gilashin da bakin riga. Babu tsutsa, haka ne. Amma kofefod ɗin ma babu.

Yannick ya ce wataƙila da abinci ya ƙare sun cinye juna, ai an san su da haka. Dokta ya tambaye shi, cikin ladabi, wa ya cinye na ƙarshen.

Goggo ta fito da tabarma, ta tarar da baƙo ya ɗaga kwalba dab da bakinsa yana ta juya ta.

"Ɗana, in ƙishi kake ji sha abinka, kada ka ji tsoro," ta ce. "Kullum da asuba ni nake tace mata shi da ƙyalle."